RAMUWAR BABA DIREBA

Shafi na 14

Masu ta tambayata yadda Baba ya kwana bayan faɗuwar da ya yi a banɗaki, na ga saƙonninku. Wata har cewa ta yi in ban saki wannan shafin ba za ta biyo ni shago ta kwance mini keken ɗinki. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni ko a ɗinkin ma ba na iya sauri. Ga shi nan.

*

Da safe ko fuska ban gama wankewa ba na ji Umma tana jan durowa a ɗakin Baba. Kafin in leƙa har ta fito, ledar maganinsa na hawan jini a hannu, mayafi a karkace, takalmi wari da wari.

"Umma, ina zuwa?"

"Inda aka ba shi wannan masifar."

"Ki bari ya tashi mana."

"Ya tashi? Jiya da ka ɗago shi daga ƙasan banɗaki, da kansa ya tashi? Mutum ya yi ta tuƙi mako guda garau, ranar da ya zauna hutu a gida sai ya zama kamar an zare masa laka. Kafin maganin nan haka yake?"

Gaskiya ta faɗa. Duk ranar hutun Baba haka muke wuni. Jiri, kwanciya, ƙafa ta ɗaure masa, ya yi ta zarya tsakanin ɗaki da banɗaki har ya daina iya ɗaga ƙafar. Jiya ce dai ta fi muni, don har goshinsa ya fashe.

Na zura riga na bi bayanta.

Kemis ɗin a bakin layinmu yake, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Malama mai magani ta buɗe ke nan, tana goge gilashin kanta da tsumma. Ba irin masu miƙo ƙwaya su juya baya ba ce, ta yi karatun abin. Tun da likita ya ce Baba yana da hawan jini, a wurinta yake karɓar magani. Bayan kantar akwai ɗan teburi da kujera, nan take zaunar da tsofaffi ta auna su, ta yi musu faɗan gishiri, su yi ta dariya.

Tana ganinmu ta saki fuska.

"A'a, Mama ce da sassafe? Ina kwana. Tela, ina ɗinkina?"

Umma ta dire ledar a kan gilashin har sai da kwalabe suka yi ƙara.

"Riƙe gaisuwarki. Ga kayanki."

Malama ta kalle ni. Na sunkuyar da kai.

"Mama, lafiya?"

"Da lafiya za ki gan ni da takalmi wari da wari? Mijina na ba ki da ƙafarsa, jiya a hannu aka fito mini da shi daga banɗaki."

"Subhanallahi. Faɗuwa ya yi?"

"A'a, rawa ya yi."

"Umma..."

"Kai rufe mini baki. Ke, tsakaninki da Allah, in ubanki ne za ki ba shi abin da zai riƙa kayar da shi?"

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye tsumman, ta zagayo ta jawo kujera.

"Mama zauna, ki faɗa mini yadda aka yi tun daga farko."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To a tsayen ma ina ji. Yanzu yana ina?"

Kafin Umma ta buɗe baki muka ji sallama a ƙofa.

Baba ne. Ya saka kayan aikinsa, makullin bas a yatsa, filasta a goshi. Hannunsa ɗaya yana dafe da ƙyauren kemis ɗin, kuma na lura bai sake shi ba sai da ya kama kanta.

"'Yata, ki yi haƙuri," ya ce. "Kin san halin uwar Tela. In ta tashi da faɗa ko zakaran maƙwabta ba ya tsira."

"Malam, kai da ko tsayuwa ba ka iya yi, me ya fito da kai?"

"Aiki ya fito da ni. Fasinja suna jirana a tasha. Ɗauki ledar nan mu tafi, kin tara mana jama'a."

Babu wata jama'a. Mai aski ne kawai ya leƙo da almakashi a hannu, ya koma.

Malama ta ce, "Baba, tunda ka zo, zauna in auna ka."

"Wancan makon ma kin auna, kika ce ya yi kyau."

"Wancan makon ba ka fasa goshi ba."

Ya yi 'yar dariya, ya zauna. Ta naɗa masa abin awon a dantse, na'urar ta fara kumbura. Da ta gama, Malama ta daɗe tana kallon lambobin.

"Baba, miƙe tsaye a hankali. Tela, tsaya kusa da shi."

Ya miƙe. Bai gama miƙewa ba na ji nauyinsa gaba ɗaya ya dawo kafaɗata. Idonsa ya lumshe, leɓensa ya bushe har ya tsage.

"Ƙafata ce ta yi barci," ya ce.

Ta sake aunawa a tsayen, sannan ta ce in zaunar da shi.

"Jininka ya yi ƙasa, Baba. Ƙasa sosai."

Umma ta tafa hannu.

"Kin ji ko! Da bakinki kika faɗa! An ce ya yi sama, kin ɗura masa ƙwaya har ya faɗa rijiya."

"Mama, ƙwayar da likita ya rubuta masa 'yar ƙarama ce, guda ɗaya da safe. Bai kamata ta yi masa haka ba."

"Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya."

"Ke yarinya, ki ji tsoron Allah. Jiya da idona na gan shi ya ɓallo ya cika tafin hannu, ya watsa a baki kamar mai ba kaji hatsi. Na ce Malam wannan fa? Ya ce haka mai magani ta ce."



Malama ta juya ta kalli Baba. Baba ya kalli makullin da ke yatsarsa.

"Baba?"

"Uwar Tela ba ta gani sosai da safe."

"Ni ce ba na gani? Ni da nake zura maka zare a allura?"

Malama ta buɗe ledar, ta zaro katin maganin. Duk ramukansa a fashe, babu ƙwaya ko ɗaya. Ta jujjuya shi, ta ajiye, ta jawo wata kujerar ta zauna daf da shi har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Baba, ba faɗa zan yi ba. Faɗa mini kawai. Ranar da kake hanya, kana sha?"

Ya juyar da fuska.

"Baba."

"Ba na sha."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ina ƙwayoyin suke zuwa? Kullum katin da kake kawo mini babu komai a ciki."

Ya ɗago kai, ya kalle ta kamar ta yi masa tambayar yara.

"Ramawa nake yi mana."

"Ramawa?"

"Ranar hutu. In haɗa na kwanakin da suka wuce ni, in shanye. Ke kika ce kada in bar ko ɗaya, kuma ban taɓa bari ba. Ko sallah ce ta kuɓuce wa matafiyi, ai ba yafe ta yake yi ba, in ya sauka sai ya rama."

Malama ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Umma ta nemi kujera da kanta ta zauna. Ni kuwa ina tsaye, sai ranakun hutun Baba suke ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk wannan kwanciyar da hannunsa yake ɗauko ta, mu kuma muna yi masa fifita.

"Baba," Malama ta ce, "magani ba ya karɓar ramuwa. Na jiya in ya wuce ya wuce. Kwanakin da kake hanya jininka yana can sama, babu mai riƙe shi. Ranar hutu kuma ka jefo shi ƙasa gaba ɗaya. Wannan ƙwayar ruwa take fitarwa daga jiki. Ka sha na mako guda a zama ɗaya, ta matse ka kamar tsumma. Ƙodarka ce take shan wahalar. Ba ka da rana ɗaya da jinin nan yake zaune daidai."

"Amma duk zuwan da nake yi cewa kike ya yi kyau."

"Saboda washegarin hutunka kake zuwa! Ragowar ramuwar nake aunawa, ni kuma ina ta murna."

"Har cewa kike wa tsofaffi su yi koyi da Baba Direba."

"Na faɗa."

"To ka ji." Ya juya wajena kamar ya ci shari'a.

Umma ta ce, "Malam, me ya hana ka sha kullum kamar mutane? Ɗaci gare shi?"

"Ba za ki gane ba."

"Ganar da ni."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Shekara nawa ina cikin ɗakin nan tare da kai? Yoyon ne ban sani ba?"

Ya ci gaba da murza makulli. Malama ta ce, "Ko Mama da Tela su ba mu wuri?"

"Bar su. Abin da ya rage na ɓoyewa ba shi da yawa."

Ya gyara zama. Bai kalli kowa ba, tayil ɗin ƙasa yake kallo.

"Da farko ina sha. Kullum da safe, yadda kika ce. In sha, in hau mota. Kafin mu fita gari mara ta cika. In tsaya. A yi gaba kaɗan, in sake tsayawa. Doguwar mota ce fa, cike da mutane, kowa da uzurinsa. Wani asibiti za shi, wani jirgi zai kama. Sai ka ji daga baya ana cewa, direba ko famfo ka haɗiya? Wata mata ta ce in ba zan iya ba in ba yara wuri. Labari ya kai tasha. Yanzu a can ba mai kirana Baba Direba. Baba Famfo suke cewa."

Na taɓa jin sunan a bakin wani direba. Na ɗauka don Baba yana yawan wanke motarsa ne.

"Wannan duk na shanye," ya ce. "Baki ne, ba ya huda fata. Sai ranar da muka shiga cunkoso a kan doguwar gada. Gaba mota, baya mota, gefe ruwa. Ba wurin tsayawa, ba wurin sauka. Na daure. Na karanta duk abin da na iya. Na cije leɓe har ya yi jini."

Ya tsaya.

"Ban kai ba."

Babu wanda ya motsa.

"A kan kujerata. Ga wata yarinya 'yar makaranta a kujerar gefena. Ta juya fuska wajen taga, ba ta sake juyowa ba har muka isa. Allah ya yi mata albarka. Da muka shiga tasha ban sauka ba. Na zauna riƙe da sitiyari har kowa ya kwashe kayansa, har masu shara suka gama. Na ce musu lissafin hanya nake yi."

Umma ta rufe baki da mayafi.

"Ranar da ka wanke wandonka da kanka," ta ce a hankali. "Na ce kawo, ka ce man birki ne."

"Ranar ce."

Ban taɓa ganin wuyan Baba ya yi siriri haka ba. Na kawar da kai, na kama karanta sunayen kwalaben da ban iya karantawa ba.

Malama ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kullum ina tambayarka ko akwai matsala."

"Ke sa'ar 'yata ce. In kalli idonki in ce miki me? In ce tsoho ya jiƙa wando?"

"Da ka ce maganin yana hana ka aiki, ya isa."

"Kin ce in rage gishiri, na rage. Kin ce in riƙa taka ƙafa, ina zagaya mota kafin a yi lodi. Kin ce in kawo kati babu komai, ina kawowa. Ba na son ki ga kamar maganarki ta faɗi ƙasa."

Malama ta share ido da bayan hannu.

"Na tambaye ka abincinka, na tambaye ka barcinka. Na san direba ne kai, amma ban taɓa cewa ka kwatanta mini yadda wuninka yake a mota ba. Da na tambaya, da tuni an wuce wurin. Baba, maganin hawan jini ba wannan kaɗai ba ne. Akwai waɗanda ba sa sa yawan fitsari. Likita zai iya canja maka."

Ya ɗago da sauri.

"Akwai?"

"Akwai."

"Tun can da ma akwai?"

"Tun can."

Ya yi wata irin dariya da ba ta da daɗin ji.

"To ba ni shi yanzu, in sha in tafi."

"Ba zan iya ba. Ba ni ke canjawa ba, likita ne, kuma sai ya duba jininka da ƙodarka. Yau ma ba ranar shan wani maganin hawan jini ba ce a wurinka. Yau asibiti za ka, yanzu, wataƙila har ƙarin ruwa su yi maka. Zan kira likitan da kaina in yi masa bayani, ba sai ka sake faɗin komai da bakinka ba."

"Gobe."

"Yau."

"Jibi ina dawowa da wuri."

"Baba, yanzu ka miƙe a gabana ka kusa faɗuwa."

"A mota ai a zaune nake."

"A zaunen ma jiri yana zuwa. Ido yana rufewa. Ba ya sallama."

Ta tashi ta ɗauko ruwan gora, ta farke wani ɗan ƙullin gishirin-da-sukari na masu rashin ruwa a jiki, ta zuba, ta girgiza, ta miƙa masa.

"Fara shan wannan kafin ku tafi asibitin."

Baba ya kalli gorar kamar an miƙo masa maciji.

"Ruwa? Ina shirin kama hanya ki ba ni ruwa?"

"Jikinka ya bushe, Baba."

"Gara ya bushe."

"Malam!" Umma ta miƙe. "Wace hanya? Wallahi ba inda za ka."

"Uwar Tela, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ka kira su ka ce ba ka da lafiya."

"In ce me? Kin san yara nawa ne suke zaune a benci a tasha, kowa da lasisinsa a aljihu, suna jiran wani tsoho ya yi tari? Abokina da muka fara tuƙi tare, rana ɗaya ya ce kansa yana ciwo, aka kai shi awo, aka ce hawan jini. Sun ce ya je ya huta. Har yau yana hutawa. Kullum yana ƙofar gida yana gaida masu wucewa."

"Gara ka gaida masu wucewa da a zo gaishe ni."

"Tun da nake tuƙi ko akuya ban taɓa bugewa ba."

Malama ta ce, "Ba kai kaɗai ne a motar ba, Baba. Akwai 'ya'yan mutane."

Wannan ta shige shi. Na ga yadda haɓarsa ta motsa. Na ce a raina shi ke nan, ya sauko.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Ya duba, ya ɗauka, muryarsa ta canja ta koma garau kamar ba shi ba.

"Ranka ya daɗe. E, ina hanya. A'a, lafiya lau, gida ne suka ɗan riƙe ni. A ci gaba da lodi."

Ya kashe. Ya dafa teburi ya miƙe a hankali, ya tsaya har ƙafarsa ta amince da shi.

"'Yata, na gode. Na ji maganarki, wallahi na ji. Ramuwa na daina daga yau. In na dawo, ki kai ni wurin likitan da hannunki."

"Baba, don girman Allah."

Umma ta riƙe masa hannun riga. Bai fizge ba. Ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana cire ƙaya.

"Ki yi mini addu'a, ya fi riƙon riga."

Ya fita. Muna kallo ya tare mai babur ya hau.

Umma ta zube a kujera ta fashe da kuka. Matar da ta shigo da faɗa, yanzu ita ce ta kama hannun Malama.

"'Yar nan ki yafe mini. Ki yi wani abu. Ke yake jin maganarki."

"Mama, kin ga iyakar jin da yake yi." Ta juyo wajena, ta tura mini gorar ruwan. "Tela, bi shi. Kada ya tuƙa motar nan."

"Malama, ta yaya?"

"Ka karɓe makullin."

"A hannun Baba?"

"To ka faɗa wa shugaban tasharsu."

"In na faɗa sun kore shi."

"In ba ka faɗa ba fa?"

Na tsaya da gora a hannu. Duk karatunta, duk kwalaben da ke bayanta, babu wanda zai iya sauko da Baba daga kan kujerar nan.

"Ni ba ni da ikon riƙe shi," ta ce. "Baki kawai gare ni, kuma na yi amfani da shi. Yi sauri."

Na tari babur.

Kafin in isa an gama lodi. Doguwar motar tana tsaye a bakin fita, inji yana aiki, an ɗaure kaya. Ta taga na hango wata mata tana gyara wa jaririnta hula, da wani tsoho rungume da jaka a ƙirji. Baba yana kan kujerarsa, ya saka baƙin gilashi, ya ja hula ta rufe filastar.

Direbobin da ke benci suka gan ni.

"A'a, ɗan Baba Famfo! Yau har da guzurin ruwa aka kawo masa?"

"Kai Tela, rufa mana asiri, so kake su kwana a hanya?"

Suka kwashe da dariya. Na yi kamar ban ji ba.

Shugaban tasha yana tsaye daidai ƙofar direba, wani mai tumbi da waya biyu a hannu. Ya san ni, ni nake yi masa ɗinki.

"Tela! Yau kai ne a tasharmu? Na gan ka kana haki. Lafiya dai ko?"

Maganar tana bakina. Wallahi tana kan harshena, na ji ɗacinta.

Baba ya zare gilashin. Bai harare ni ba. Da ma hararata ya yi, da na faɗa. Kallona kawai ya yi, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kallon mai roƙo.

"Tela, da kai nake. Wani abu ya faru a gida?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," na ji bakina ya faɗa. "Saƙo na kawo masa."

"To miƙa masa, lokaci ya tafi." Ya buga jikin motar da tafin hannu, ya juya yana amsa waya.

Ban san sanda na zagaya na shiga motar ba. Akwai 'yar kujerar naɗewa kusa da direba, na buɗe ta na zauna.

"Ina za ka?" Baba ya ce ƙasa-ƙasa.

"Rakiya."

"Shagonka fa?"

"Yana nan."

"In ma wani abu ya faru me za ka yi? Ko giya ba ka san inda take ba."

Gaskiya ne. Shi ya hana ni koyon mota tun ina yaro, ya ce direba ɗaya ya ishi gida.

"Zan riƙe maka ruwa," na ce.

Ya saka giya, muka fita.

Cikin gari ya yi tuƙinsa lafiya, a nutse, yadda ya saba. Na miƙa masa gorar, ya girgiza kai. Na sake miƙawa a wurin fitilar hanya, ya ture da gwiwar hannu. A baya fasinja sun fara hira, wani yana ba da labarin surukarsa ana dariya. Har na fara cewa a raina wataƙila Malama ta tsorata ne kawai.

Muka bar gidaje a baya. Hanya ta miƙe, mota ta ɗauki gudu. Manyan motoci suna ta wuce mu ta ɗaya hannun, iskarsu tana girgiza gilashi.

Sai na ga gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hularsa. Ya cire baƙin gilashin ya ajiye a cinya. Ya murza ido. Ya matso da fuskarsa kusa da sitiyari kamar mai neman wani abu a kan kwalta.

"Baba, mu tsaya."

"Yi shiru."

"Baba, don Allah ka sauka gefe."

Ya kai hannu ya kunna fitilun mota.

Sannan ya karkato wajena, ya rage murya yadda na baya ba za su ji ba.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Hadari ne ya haɗo? Na ga gari ya yi duhu."

Na ɗaga kai na kalli sama ta gilashi.

Rana ce fayau. Ko ɗigon gajimare babu.